Randar Iya da Littafin Auwalu

Ina cikin adaidaita, gosulo ya riƙe mu, ƙarfe huɗu kuma zan hau mimbari in karanta sharhina kan littafin Auwalu. Abokina ne tun sakandare, shi ma zai zauna a layin gaba. Akwai sakin layi ɗaya da na ce ƙarshen labarinsa bai tsaya da ƙafarsa ba. Sau uku ina gogewa ina mayarwa. Yanzu ma yatsana na kansa a wayata, sai Iya ta faɗo mini a rai.

Iya kakata ce, a Achika take. In an yi mana hutun makaranta a Wudil, wajenta ake tura mu. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhu, tana suyar gyaɗa a kasko, hayaƙi na shiga mana ido ba mai matsawa. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Randar da ke gefenta za ta ƙwanƙwasa sau biyu da bayan yatsa, shi ke nan an fara.

Akwai wadda na fi riƙewa. Wai wata maginiyar tukwane ce ta hana a ƙwanƙwasa mata kaya a kasuwa, ta ce raini ne. Alhali kowa ya san haka ake sayen randa: mai lafiya ta yi ƙara ras, mai tsaga ta yi gum. Mutane suka ji kunyarta, sai yabo, a saya a tafi. Da rani ya tsananta suka wuni suna jido daga kogi mai nisa, gari na wayewa duk randunan sun tsiyaye.

In ta gama takan ce a ƙwanƙwasa mata labarin. Yara su ce ya yi daɗi, a raba gyaɗa. Ran nan ni sai na tambaya, to ita maginiyar a me take shan ruwa, nata bai tsiyaye ba?

Iya ta tsayar da cokalin suya.

"Maigidan," ta ce, haka take kirana, "bakinka ya fi ka girma. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar ko ƙwaya ban samu ba. Na koma bayan rumbu ina jin su suna ɓarzar gyaɗa, ina rantsuwa ba zan ƙara magana ba har abada.

Washegari ta ƙwanƙwasa randa, ta sake kawo labarin jiya. Amma yanzu an ƙara wani abu: ashe maginiyar a ɓoye take ƙwanƙwasa nata, ta ware masu lafiya ta ajiye a ɗaki. Labarin ya fi na jiya zafi nesa ba kusa ba. Ba ta kalle ni ba. Ni dai ta fara cika wa hannu da gyaɗa.

Da ina ɗauka darasin na maginiya ne. Yau na ga na mutanen kasuwar ne, masu kunya. Iya ta rasu, ban sani ba ko Auwalu irinta ne, ko zai dawo da labarin washegari ko zai daina ɗaga wayata.

Gosulo ya saki. Na bar sakin layin yadda yake, ban goge ba. Gyaɗar yau dai na haƙura da ita.