Shimfiɗar tsohuwar goɗiya

A bargar da nake aiki, can bayan Dubai Investments Park, akwai wata tsohuwar goɗiya fara da yara ke koyon hawa a kanta. Na fi son ta da duk sauran dawakin, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Tari ya kama ta, ya ƙi tafiya. Mai bargar, Balarabe ne marar yawan magana, ya ce in har zafi ya shigo ba ta warware ba, sayar da ita zai yi. Wa ke sayen tsohuwar goɗiya mai tari don alheri?

Likitar dabbobi ta ce ƙurar garin katakon da muke shimfiɗa mata ce ke shaƙe ta, a koma shimfiɗar karan hem. Ban san kalmar ba, sai na tambayi abokin aikina, ɗan zangon Kumasi, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Charle, abokina, ba ka sani ba? Wiwi ke nan! Goɗiyarka za ta yi caji," ya ce yana ƙyaƙyata dariya. "Har mansa na gani a waya, CBD, ana ɗiga wa dawaki."

Wiwi, a Dubai? Na hango kaina a jirgin ƙasan metro, warin abin a rigata, bizata ta tashi a banza. Na koma wa likita fuska a murtuke, na faɗa mata abin da na ji.

"Man nan, khalas, kada ma ka kawo zancensa a garin nan," ta ce. "Wannan kuwa kara ne kawai, da takardunsa ya shigo. Ba ya bugar da kowa."

Duk da haka, ranar da aka sauke damman, da bisimilla uku na yanke ledar. Gani ya kori ji. Gutsattsarin farin kara ne, marar nauyi, marar ƙura, sak karan ramar da Inna kan bari bayan ta saɓe bawon don tufka igiya. Da irinsa muke hura wuta a gida. Na damƙa na sansana, na ji kewar gida ta tokare ni, sannan dariyar kaina ta kama ni.

Goɗiya ta shiga, ta yi ta shinshina, sai ta zube ta yi birgima kamar 'yar duƙusa. Tarin bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa ja da baya.

Da zafi ya kankama, mai bargar ya zo da safe ya jingina da ƙofar ɗakinta, yana saurare. Na riƙe tsintsiya, ni ma na kasa kunne. Ya daɗe a tsaye, ba abin da ake ji sai taunar ciyawa, ba tari ko ɗaya.

"Yalla," ya ce da ni, "ɗaura mata sirdi. Yara na jira."