Agogunan da Ba Na Kawu Ba

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, Kawu ya aiko a kira ni, wai zai yi wasiyya, in zo da biro da takarda. Na same shi inda ya shekara arba'in yana zama, a ɗan shagonsa na gyaran agogo da ke ƙarƙashin matakalar wani bene. Gilashin aiki na maƙale a idonsa ɗaya, alhali babu aikin kowa a gabansa. Tun da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai ya wuni ba wanda ya yi masa sallama. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna nesa, sai dai su bugo su ce ya rufe shagon ya huta.

Na ɗauka maganar gida za mu yi, amma ya ce wannan kam, yaran sun san rabonsu. Sai ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Agoguna ne ashirin da uku kwance a kan tsumma, duk suna tafiya. An kawo gyara, ya gyara, masu su ba su dawo ba. Kowace safiya sai ya murza kan kowanne don kada ya tsaya.

"Waɗannan ba nawa ba ne, Bature," in ji shi. "Ranar da na faɗi, yaran nan za su haɗa da kayana su raba. Rubuta kowanne da mai shi."

Na tambayi sunaye. Ashe Kawu bai taɓa rubuta sunan kowa ba, bai ma tambaya. Da sana'a da wuyan hannu yake gane mutum. Wannan na direban nan ne mai tabon ƙuna, wancan na malamar asibiti da ke ɗaura nata a dama, wani kuma na mai tari. Na ce a inda na yi karatu rasit ake bayarwa. Ya ce ai shi ya sa a can ba wanda ya san fuskar wani.

Wata uku muna yawo, shi da sanda, ni da takarda. Mun je tasha, mun je asibiti, mun zaga kasuwa. Direban ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ya karɓi agogon, ya jujjuya shi, ya tambaya ko zai yi kuɗi. Kawu ya juya muka koma shago. Biyar kawai muka mayar kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Ranar rabon gado na ajiye takardar gaban 'ya'yansa. Babban ya karanta har ya kai kan mai tari, sannan ya turo mini aljihun, ya ce ni da na rubuta in ji da su.

Goma sha takwas suna ɗakina yanzu. Kowace safiya ina murza su ɗaya bayan ɗaya. Na manna lambar wayata a ƙofar shagon, wanda yanzu caja ake sayarwa a ciki. Har yau ba wanda ya kira.