Yadda Na Raka Bitrus Kaduna Na Dawo da Gola

Daga gida zuwa Kafanchan

Gari bai waye ba muka bar ƙauyenmu a ƙasar Kagoma, ni da ƙanena Bitrus, a kan babur ɗin da na aro wajen hedimasta. Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina, a shekarun nan da naira take sabuwa, ana ta gardama a kasuwa kan sule nawa ne a cikinta. Ni malamin firamare ne, ban san komai a harkar ƙwallo ba sai hayaniyarta. Bitrus kuwa shi ne ɗan gaban kulob ɗin Kafanchan, in ƙwallo ta zo ƙafarsa har masu tallar gyaɗa sukan manta da farantinsu. Wata masaƙa a Kaduna mai kulob nata ta aiko tana son sa, za ta ba shi aiki ya riƙa buga mata.

Kafin mu tashi, Baba, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, ya yi mana addu'a a tsakar gida, sannan ya ja ni bayan rumbu. Tambaya ɗaya ya ba ni in kai: ran da ƙafar yaron ta lalace, aikin zai tsaya ne ko zai tafi tare da ƙafar? In aikin zai tafi, in dawo masa da ɗansa. Ya ƙara da cewa kada in ci nasu, kada in karɓi nasu, sai an gama magana. Haka abin yake a wajenmu. Wanda ya zo neman abu a gidanka, gona ce ko mutum, in ka karɓi abin hannunsa to ka amsa ke nan, ba komawa baya.

A tashar Kafanchan muka tarar da Mista Luka, sakataren kulob ɗin su Bitrus, ya riga mu isowa. Ya sha kwat, har ya biya mana kujerun gaba a kiya-kiya, ƙaramar motar haya, ga ƙosai mai zafi a takarda yana miƙo mini.

"Ticha, ci mana. Hanya dogo ne."

Nan hankalina ya fara tashi. Mutumin nan na taɓa ganinsa yana kuka da hawaye don zazzaɓi ya hana Bitrus buga wasa ɗaya. Yau ana shirin ɗauke masa yaron gaba ɗaya, sai fara'a yake kamar shi za a ɗaura wa aure. Ban san ko mutumin wa ne ba, don haka na lissafa shi cikin nasu. Na ce na ƙoshi, na sa kamasho ya mayar masa da kuɗinsa, na biya namu daga aljihuna. Bitrus ya bi ƙosan da ido, na harare shi.

Kachia

Muka bi ta Zonkwa, ruwa ya cinye hanya, direba yana ta kauce wa ramuka yana faɗawa waɗansu. Hantsi ya ɗaga sosai kafin mu shiga Kachia. Tun daga bakin gari ƙamshin citta ya tare mu, an baza ta a tabarmi ko'ina. A shingen sojoji aka duba takardun direba, wani kofur ya leƙo ya gane Bitrus, ya ce ya ga wasansa, ya sara masa cikin wasa ya ɗaga mana gora.

Muka sauka miƙe ƙafa. Na sayi doya da manja, na kobo goma-goma, ni da Bitrus. Mista Luka ya zauna kusa da mu yana zuba, wai bana kofi nasu ne, wai tsaron bayansu ya gyaru.

"Da sabon golan namu, ba wanda zai ci mu."

Na ce, "Wane sabon gola?"

Ya tsaya da loma a hannu. Ya ce a'a, yana nufin in Allah ya kawo, ai kowane kulob yana neman gola. Ya miƙe wai zai duba farashin citta, mutumin da ko kunya ɗaya ba ya nomawa. Na tambayi Bitrus, ya ce shi bai san zancen ba, amma doyarsa yake kallo, ba ni ba.

Kasuwan Magani

Ranar kasuwa muka faɗa, hanya ta cushe da awaki da mata masu dakon itace a kafaɗa. Daidai nan tayar baya ta yi faci. Muka fake a inuwar mangwaro ana gyara. Direban, wani Bazazzagi mai yawan raha, ya dafa Bitrus yana dariya.

"Ɗan ƙwallo, kai dai ba ka da sa'a da motata. Wancan zuwan ma ai a nan muka tsaya."

Na ce, "Wane zuwan, direba?"

"Af, ai wannan ne na uku da na kai shi Kaduna, shi da mai kwat ɗin can. Ko ba ƙanenka ba ne?"

Na ce ƙanena ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sau biyun nan abin da ya gaya mana a gida shi ne suna kwana a sansanin horo a Kafanchan. Ashe ni kaɗai ne baƙo a tafiyar nan. Na kira Bitrus gefe, ya ce gwaji kawai ya je, bai sa hannu a komai ba. Na ce ya rantse, ya ce shi Kirista ne, ba ya rantsuwa. Yaron da sai an ja kunnensa yake zuwa sujada, yau shi ne mai koya mini Littafi.

Kaduna

La'asar sakaliya muka shiga Kaduna, muka sauka wajen Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba, a unguwar masaƙu. Ɗaki ɗaya ne da baranda, ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo tuwon acca. Na lura ba ta tambayi Bitrus ya hanya ba, kuma shi ya san inda take rataye ludayi. Na ci tuwona, don nata dai na tabbata ba na masaƙa ba ne.

Da safe Mista Luka ya zo ya kai mu ofishin manajan kulob. Ƙarar injuna har cikin haƙori kake jin ta. Manajan mutum ne mai taushin murya, ya tarbe mu da mutunci, masinja ya kawo shayi da biskit. Na tura nawa gefe, manajan ya dube ni da mamaki amma ya ƙyale.

Ya jero abin da za su ba Bitrus: ɗaki a barikin ma'aikata, albashin da ya fi nawa, takalmin ƙwallo, da sunan akawu a sito, ko da yake ba sai ya riƙa zuwa siton ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba ni tsoro. Aikin da ba a bukatar ka zo, ran da aka kore ka ma ba wanda zai lura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinmu ya aiko ni da tambaya. In ƙafarsa ta lalace fa?"

"Muna da asibiti, Malam, mai kyau."

"Bayan asibitin nake tambaya."

Ya gyara zama. Ya ce 'yan ƙwallo duk a ma'aikatan wucin gadi ake ɗaukarsu, shekara-shekara ake sabunta musu. Na ce to a rage albashin, ko da rabi ne, a sa shi cikin na dindindin, ya riƙa zuwa siton da gaske ya koyi aikin. Bitrus ya taka ni ta ƙarƙashin tebur. Manaja ya ce ya fahimce ni, amma in ya yi wa ɗaya, gobe sauran za su yi layi a ƙofarsa. Muka yi ta juya maganar, ya ƙara wannan ya ƙara wancan, amma a kan wannan ɗin bai motsa ba. Na gode masa, na ɗauki hulata na ce wa Bitrus ya tashi mu tafi gida.

Sai Mista Luka ya riƙo hannun rigata, ya rage murya.

"Ticha, zauna. Mama ya riga ya karɓa zane."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Atamfar masaƙar nan, turmi biyu, shi da kansa ya kai wa mahaifiyarmu ran da Baba ya tafi taron dattawa. Ya faɗa mata daga inda ta fito da abin da ake nema, ta sa hannu biyu ta karɓa. An yanka, an ɗinka, ta ma ɗaura zuwa taron zumuntar mata na ikilisiya.

Manaja yana kallonmu bai san abin da ya faru ba. A wajensa zane kyauta ce da suke raba wa kowa. Luka kuwa ɗan ƙasarmu ne, ya san sarai abin da ya kai da kuma hannun da ya zaɓa ya sa wa. Zanen da almakashi ya shiga ba ya mayuwa. In na ja Bitrus muka fita, na nuna wa duniya ke nan cewa amsar uwata ba amsa ba ce. Ban taɓa jin sha'awar marin mutum kamar ran nan ba.

Na juya wajen Bitrus na ce ya san da wannan? Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, na sani aikin ba ya wuce ƙafa. Tun zuwan farko na sani. Amma a gonar citta ma in na karye, wa zai biya ni? Ka bar ni in buga tun ƙafar tana ɗaukata."

Na zauna. Abin da na iya ƙwatowa kaɗan ne: in ya ji ciwo za su yi jinyarsa har ya taka, kuma ba za a fitar da shi daga ɗaki ba sai an aiko gida wani ya zo. Manaja ya yarda, Bitrus ya sa hannu. Na jawo shayin nan da ya daɗe da hucewa na shanye, tun da ba sauran abin da nake karewa.

A nan ne kuma na ji rabon Luka. Masaƙa za ta ba kulob ɗinsa riguna sababbi, da ragar gola, da mutum ɗaya daga cikin 'yan wasanta. Da wannan aka musanya ƙanena.

A jirgin ƙasa

Ran Asabar da safe Bitrus ya rako ni tashar jirgi. Bai yi magana mai yawa ba, ya ce in gaida Mama, in ba Baba haƙuri. Na ce ya riƙa zuwa sujada, ya riƙa leƙa Gwaggo. Da jirgi ya motsa ya bi tagarmu da gudu har ƙarshen dandamali, yana dariya, ni kuwa ƙafafun kawai nake kallo.

A kujerar da ke fuskantata wani dogon mutum ne da akwatin ƙarfe, Luka na gefensa. Shi ne golan da aka ba su, sunansa Sule. Ya miƙe ƙafar hagu cikin hanya don ba ta lanƙwasuwa sosai, duk mai wucewa sai ya tsallake. Na saya mana rake, hira ta ɓarke.

Ya ce shekarunsa da yawa yana tsare wa masaƙa gida. Bara ya yi karo da wani, gwiwa ta goce. Sun yi masa jinya tsakani da Allah, bai da ƙorafi. Da shekara ta ƙare sai ba a kira shi sabuntawa ba. Shi ma akawu ne a sito, ya ce, bai taɓa ganin cikin siton ba. Matarsa da yara ya bar su wajen wansa sai ya ga yadda Kafanchan za ta karɓe shi.

"Wanda ya bi jirgi da gudu naku ne? Yana da ƙafa. Ku ce masa ya riƙa duba baya, a can ba sa tausayin sabon zuwa."

Sannan ya juya ya tambayi Luka zancen aikin da ya ce zai samo masa a gari. Luka ya ce ana kan magana, ya mai da fuskarsa taga, bai sake juyowa ba har muka iso. A Kafanchan matakalar jirgi ta yi wa Sule tsawo, na riƙe masa akwatin ya sauko a hankali da ƙafar dama.

Gida

Na ɗauki babur inda na ajiye shi, na isa ƙauye rana tana shirin faɗuwa. Baba yana majami'a. Mama na tarar a tsakar gida tana tankaɗe, ta dubi bayana sau ɗaya, ta ci gaba da aikinta. Duk hanya ina shirya yadda zan gaya mata an yaudare ta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata Luka ya cuce ta da zanen nan.

Ta ce, "Ni yarinya ce? Na san abin da na karɓa. Babanku ba zai taɓa yarda ba, yaron kuma ya riga ya tafi a zuciyarsa. Da ban karɓa ba, da ta katanga zai fita, ba addu'a ba sallama. Na fi so ya fita ta ƙofa."

Ta ajiye rariya ta tambaye ni abin da suka ce game da ƙafar. Na gaya mata gaskiya, aikin zai tafi tare da ita.

"To ran nan wa zai kawo shi gida?"

Na ce ni zan je in ɗauko shi. Ta gyaɗa kai, ta ce in bar mata zancen Baba, ta tashi ta zubo mini abinci.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Gwaggo Saratu da ta sauke mu, da hedimasta mai babur. Mista Luka muna gaisawa in mun haɗu, iyakarta ke nan. Ku kuma masu zuwa fili ran Asabar, in kun ga sabon golan ya makara wajen faɗawa ta hagu, don Allah ku rage zaginsa. Ni na ga gwiwar da idona.