Ranar da Malam Haruna Ya Nuna Mini Tabarmar Baƙi

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Haruna mai dawa na kasuwar Gadarif a nan Sudan, kuma har yau ban koyi dafa gahawar mutum ɗaya ba. Kullum la'asar sai na cika jabana, 'yar tukunyar nan tamu ta yumɓu, sannan in tuna ni kaɗai ce.

Mutum ne mai tsokanar tsiya, shi ya sa da ciwon ya fara ban gane ba. Wata rana muna cin abinci na ce ya miƙo mini albasa. Ya dube ni ya ce, "Albasa shunu, ya Hajja?" Wato mece ce albasa. Na ce ya je ya tambayi maƙwabcin rumfarsa da ke sayar da ita buhu-buhu. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ga albasar a gaban gwiwarsa, yana kallonta kamar yau aka fara shuka ta a duniya.

Da abin ya yi yawa, ɗanmu Bashir ya kai shi asibiti a Madani. Bayanin da likita ya yi mana har yau ina juya shi a raina. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta ajiye ma'anar abu a wuri guda. Tun muna yara take tarawa kaɗan-kaɗan: launin albasa yana gefe, warinta yana wani gefen, hawayen da take sawa da yadda hannu ke yanka ta kowanne da mazauninsa. Sai wani yanki kusa da kunne ya haɗa su ya ɗaure, kamar damin riɗi. To na Malam igiyar ce ke cinyewa. Bai manta hanyar kasuwa ba, bai manta wanda ya zo jiya ba. Abubuwa ne kawai ke zubar masa da ma'anarsu.

Akuya da jaki da kyanwa duk suka koma "dabba", daga baya dabbar ma ta koma "abin nan". Mutumin da ya tsufa yana sauke dawar gonakin Gedambaliya ya wayi gari yana tambayata me ake yi da ita. Amma na lura nasa na kansa bai guje masa ba. Tsohuwar butarsa mai karkataccen baki, ya san ta alwala ce. A ba shi sabuwa, sai ya jujjuya ta ya ajiye. Abin da ya saba gani kullum, a inda ya saba ganinsa, shi ne ya fi jimawa tare da shi.

Tsorona ɗaya ne a lokacin, ban kuma gaya wa kowa ba: ranar da layi zai zo kaina. Kalmar "mata" ta riga ta tafi. Sunana ya bi bayanta.

Ranar ta zo da Ƙaramar Sallah. Bashir ya aiko mini da sabon tob, mayafin nan namu, daga Saudiyya, ruwan zuma mai ƙyalli, na yafa na shiga maƙwabta gaisuwa. Da na dawo Malam yana kan gadonsa na igiya a ƙarƙashin rumfa. Ya miƙe da ladabinsa ya ce, "Marhaba, baiwar Allah, itfaddali, bismillah. Mai gahawa ta fita, amma yanzu za ta dawo."

Na nufi 'yar kujerata ta gefen murhu don in zauna, sai ya sa hannu ya tare. "Ma'alesh, yi haƙuri," in ji shi, "nan akwai mai wurin." Ya nuna mini tabarma.

Na zauna a tabarmar baƙi a gidan da na haifi 'ya'yana duka. Daga nan na shiga ɗaki na yi kukana, na ɗauko tsohon koren tob ɗina na aiki, na fito na hura gawayi. Na soya 'ya'yan gahawa, na daka da citta. Da ƙamshin ya kai masa sai ya juyo, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Kin daɗe. Wata ta zo, ta so ta zauna a wurinki, ban bari ba."

Koren tob ɗin nan shi na yi ta yafawa har Allah ya karɓi abinsa. Ya koɗe, ya sha ɗinki, matan unguwa suna ta gulmar wai Bashir ya yi watsi da uwarsa. Na bar su da bakinsu.

Yau Gadarif ta cika da waɗanda yaƙi ya koro. A ɗakin Bashir akwai wata Nafisa daga Khartum, ita da 'yarta ƙarama. In hadari ya yi tsawa yarinyar sai ta shige ƙarƙashin gado. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata ma'anar wannan ƙara. Kunnenta da cikinta ne suka haɗa suka ɗaure. Nakan ce da Malam yana nan da lafiyarsa, da ya tsokane ta har ta fito, ya kai ta bakin ƙofa ta shaƙi ƙamshin baƙar ƙasarmu in ta jiƙe, yau da gobe har tsawa ta koma nufin ruwa. Ni ban iya wannan ba. Rungume ta kawai nake yi.

Rumfarsa ta kasuwa tana hannun wani, waɗanda suka san shi suna ta raguwa. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Ni ba abin da ya ɓace mini, kalmar "miji" tana nan daram a bakina, sai dai ba wanda zan kira da ita. Shi kuwa kalmomi sun gudu sun bar shi, amma ya tsare mini kujera.

Makon jiya na zuba wa Nafisa gahawa. Ta karɓa ta nufi gadon igiyar nan za ta zauna, don inuwa ta fi yawa a wurin. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya miƙe.

Na ce, "Ma'alesh, 'yata. Nan akwai mai wurin."