Idon Hagu

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan manta da abin da na gani cikin takabata ba. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, in kuka ya zo ta jira ni.

Mijina Malam, Allah Ya jiƙansa, makanike ne a wani kamfanin fata a Challawa. Da kamfanin ya rufe, mai shi ya bar masa tsohuwar motarsa a madadin wani abu na sallama. 'Yar ƙarama ce, ja, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya. Fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kamar mai farkawa daga barci. Malam bai taɓa ce musu fitilu ba, idanu yake ce musu.

Tun ranar da aka turo ta gidanmu a Panshekara ba ta yi mako guda da lafiya ba. Ta yi ƙasa da yawa, hanyar Challawa kuwa manyan motoci sun gama da ita, duk fita sai ta baro salansa a rami. In ta shiga cunkoso lagireto ya tafasa. Damina na zuwa rufin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta ƙarƙashin kujeru, tsatsa ta ci cikinta. Kayanta babu su a kasuwa sai an yi saƙo daga Legas, kuma abin da aka ce masa kuɗin sabon rufi ya isa a sake wa ɗakina kwano.

Nakan ce masa, "Malam, wannan mota ce ko majinyaciya?"

Sai ya leƙo daga ƙarƙashinta, fuska duk baƙin mai, ya kashe min ido ɗaya. "Ke dai tanadi mayafi mai kyau. Kujera biyu ce, tawa da taki. Ranar da ta miƙe, sai shan iska a dam ɗin Tiga."

Ba ta miƙe ba. Ya saya mata sabon batir, bai ko ɗana ta ba ciwo ya kwantar da shi. Ya cika da rana, bayan azahar, kansa a cinyata. Ni na shafe masa ido. Na dama ya rufu. Na hagu na shafa ya dawo, na sake shafawa ya dawo, har maza suka shigo ɗaukarsa yana da 'yar ƙofa. Ban gaya wa kowa ba. Yau ma 'yata take fara ji, ga ta nan ta ajiye biro.

Motar tana ƙarƙashin wata tsohuwar rumfa mai yoyo a tsakar gida, tana fuskantar ƙofar ɗakina. Bayan an watse daga zaman makoki, wata la'asar na fito da tsintsiya. An yi ruwa da safe, rana ta buɗe, gidan tsit, sai warin fata da iska ke kawowa daga kamfanonin da suka rage. Na sunkuya ke nan na ji wata 'yar ƙara, kamar ana jan zare a keken ɗinki. Na ɗago. Idon hagu na motar yana buɗewa a hankali. Ya kai rabi ya tsaya, yana kallona.

Tsintsiyar ta faɗi. Na yi salati. Mun jima a haka, ni da ita, sannan ya koma ya rufe.

Ba kullum yake yi ba. Sai ranar da aka yi ruwa, kuma sai da la'asar, lokacin da Malam ya saba kwanciya ƙarƙashinta. Da fari ina gudu ɗaki in saki labule. Daga baya, Allah Ya yafe min, in na ga hadari sai in ji daɗi. In shimfiɗa tabarma, in zauna ina jira. In ya buɗe in gaya masa labarin gida, wa ya zo gaisuwa, wa bai zo ba.

Maƙwabciyata ce ta fara kama ni. Ta shigo da kwanon tuwo daidai yana ɗagowa, ta saki kwanon a ƙasa.

"La'ilaha! Hajiya, ke da wa kike magana? Wallahi abin nan ba mota ba ce, makara ce mai taya!"

Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Wani dillali da ke son sayen motar don a raba gado ya ce ko kyauta ba ya so. Babban ɗana ya zo daga Dorayi ransa a ɓace, tare da mai gyaran wayar mota. Ina bayan labule ina jin su. Mutumin ya ɗaga dardumar cikin motar ya ce ruwan da ke shiga ta rufi ne ya jiƙa wayoyi, in rana ta buga sai su haɗu, injin fitilar ya motsa. Ya ce ya sha ganin haka a irinta, gyaran ma ya fi ƙarfin darajarta, gara a cire batir kawai.

Na ce ta cikin labule, "Kada ku cire."

Ɗana ya matso, ya rage murya. "Inna, waya ce fa. Baba yana kabarinsa, addu'arku yake buƙata. Mutane sun fara cewa kun taɓu."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma da na ji an kwance batirin nan, sai na ji kamar ranar ce aka fita da Malam. Sauran takabar na yi ta ne ina kallon fuskar mota a rufe. Ruwa ya zo, rana ta buɗe, shiru.

Bayan na fita takaba aka samu masu sayen ƙarfe. Suka zo da hantsi suka ɗaura mata igiya. Babu batir a cikinta, da idona na ga an ba wa wani mai Keke Napep shi. Suna jan ta, tayar gaba ta faɗa kwatar ƙofar gida, sai idon hagu ya ɗago. Ya kai rabi ya tsaya.

Mutanen suka ja da baya. Ɗaya ya ce, "Ƙarfen da ke riƙe shi ne ya saki." Wataƙila haka ne. Amma babu wanda ya matsa.

Ni na matsa. Na ja mayafina, wanda na tanada saboda Tiga, na tsallaka kwatar. Na ɗora tafin hannuna a kai, ƙarfen da ɗumi kamar goshin mutum. Na ce, "Malam, na yafe maka Tiga. Ka huta. Allah Ya sa can ta fi nan." Na shafa ƙasa a hankali.

Ya rufu. Na ɗauke hannuna ina jira ya dawo, bai dawo ba. Na tsaya har suka sha kwana da ita.

Har yau in aka yi ruwa rana ta buɗe, nakan kalli rumfar nan in yi kuka, ban kuma jin kunyar faɗa. Ko waya ce, ko ƙarfe ne, Allah Ya bar wa kansa sani. Abin da na koya shi ne, wanda ya tafi ba ya riƙe kowa, mu da aka bari ne muke ƙin saki. Kuma babu mai gyaran da zai rufe maka idon naka. Da hannunka za ka rufe, ko da sau biyu ne.