Gidajen Bature Uku

Shekara goma sha shida na yi ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da kasuwar Talata Mafara, kuma babu irin ƙaryar da ba ta bi ta ƙarƙashin yatsuna ba. Na rage wa tsofaffi shekaru don kada a yi musu ritaya, na ƙara wa matasa don su samu aikin ɗamara, akwai ma mutumin da na haifa sau biyu a garuruwa daban-daban. Duk wannan bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Takarda ɗaya ce tak ta tsaya mini a rai har yau, ita kuwa layi uku ce, kuma ko sisi ban karɓa a kanta ba.

Mai takardar wani Bature ne ɗan Ingila da ya zo aikin irin shinkafa tare da manoman rani na ƙasan madatsar ruwa. Wannan ya faru ne a shekarun da mutum ke tashi daga Mafara zuwa Maradun bayan la'asar ba tare da iyalinsa sun bi shi da addu'a ba. Dogo ne, rana ta gasa masa wuya ya yi jawur, Hausarsa kuwa a bakin manoma ya koye ta, don haka in yana magana kana bayan katanga sai ka ɗauka wani dattijon ƙauye ne mura ta kama. Ni nake buga masa rahotanni, wani lokaci in raka shi ƙauye in ya ga zai buƙaci mai rubutu. Ba mata, ba ɗa. Abin da ya rage masa a ƙasarsu gidan da iyayensa suka mutu suka bari ne, a kulle.

Yana da wani ɗan littafi a aljihun gaba wanda ya fi kula da shi fiye da fasfonsa. A ciki yake rubuta duk inda ya kwana. Da na tambaye shi dalili, ya ce hukumar harajin ƙasarsu kwana take ƙirgawa: in ka yi kwanaki da yawa a can, ko suka ga alamar can ne gidanka, to nasu ne kai, ko da a Bakura ka yi gumin abin da ka samu. Ya ce shekararsu ta haraji ran shida ga Afrilu take kamawa. Na ce me ya faru ran shida ga Afrilu? Ya ce shi ma bai sani ba, haka ya taso ya tarar. Tun ranar na daina jin kunyar ofisoshinmu. Ashe masu koya mana aikin ma ba su san abin da suke yi ba, sun dai fi mu iya goge riga.

Wata Laraba ya shigo shagon da ambulan mai ruwan ƙasa, ko sallamar kirki bai yi ba. Hukumar ce ta rubuto. Sun ga yana da gida a Ingila, suna so ya kawo hujjar cewa a nan yake zaune da gaske duk shekarun nan. In ya kasa, za su lissafa shi mazaunin can, su bi shi harajin baya gaba ɗaya. Na tambaye shi in sun yi hakan fa? Ya ce sai ya tattara ya koma ya nemi aikin da zai biya su, shinkafa kuwa sai wani. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, na gane ba kuɗin ne ke cinsa ba, komawar ce.

Hujjar da suke so ba wata mai wuya ba ce a ganinsu: takardar kuɗin wuta, ko ta ruwa, ko ta haya, mai ɗauke da sunansa da lambar gida. Na yi dariya har na ƙware. Takardar wutar gidan da yake haya a Mafara da sunan mahaifin Alhaji mai gidan take zuwa, bawan Allah da ya rasu tun ina firamare, kuma har yau yana shan wuta kowane wata. Ruwa kuwa mai kura ke kawowa a jarka, ban taɓa ganinsa da biro ba. Lambar gida ita ce bayan gidan mai, in ka wuce mai faci, ƙofa mai shuɗin fenti. Takardar haya kuma Alhaji bai taɓa rubutawa ba, da aka taɓa yi masa zancenta ma fushi ya yi, ya ce ɓarawo aka ɗauke shi?

A nan na ba da shawarar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce masa ya bar mini, takardar rantsuwa za mu yi. Kuma ba guda ba. Ni na san ofis: fayil siriri ba ya tashi daga kan tebur, sai mai ƙiba ake girmamawa. Duk inda yake kwana mu je mai gidan ya rantse, mu buga hatimin kotu, mu aika musu su sha karatu.

Wurin kwanansa uku ne. Juma'a zuwa Lahadi yana Mafara. Kwana biyu yana Bakura, gidan wani sarkin noma mai fara'a da son baƙi. Sauran yana Tsibiri ta ƙasar Maradun, gidan wani tsoho da kowa ke ce wa Baba. Kowannensu ya ware masa ɗaki, kuma a nan ƙasar wanda ya ba ka ɗaki ba zai taɓa buɗe baki ya ce wucewa kawai kake yi ba, abin kunya ne. Alhaji ya rantse gidansa Bature ke zaune. Sarkin noma ya rantse gidansa ne, har ya so in ƙara cewa tare suke cin abinci.

Baba daban yake. Shi ne mutumin da ake ɗaukowa in an yi rigimar iyakar gona, ya nuna da sandarsa, magana ta ƙare, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Shekarar da Bature ya fara zuwa zazzaɓi ya kayar da shi a bakin gona, Baba ya sa aka ɗauko shi, ya buɗe ɗakin babban ɗansa da ya rasu, ɗakin da ya yi shekara da shekaru a rufe, ya kwantar da shi. Matarsa ta yi ta dama kunu har ya miƙe. Tun lokacin gadon Bature na tafi-da-gidanka yake ciki, da gidan sauro, da takalman ruwa, da butar shayi. Da na kawo takardar, sai da Baba ya sa na karanta masa sau biyu.

Ya ce, "Gaskiya ta. Gidanai na. Kawo tawadar." Ya dangwala yatsa yana murmushi.

Muka aika. Na kwana biyu ina jin kaina lauya.

Bayan wasu makonni amsa ta zo. Su mutanen nan da ladabi suke yanka mutum: suka yi godiya, suka ba da haƙuri a kan jinkiri, sannan suka ce mutum uku sun rantse yana zaune a gida uku, a ƙananan hukumomi uku, a shekaru ɗaya, wanne ne cikinsu bai faɗi gaskiya ba? Da zai kawo hujja, sai ga shi ya kawo tuhuma, kuma ni na buga ta da hannuna. Mai ba shi shawara kan haraji a can ya kira shi a waya, ina jin muryarsa tana fitowa kamar ta akuyar da aka taka. Ya ce mafita ɗaya ce: a tsaya kan adireshin Mafara tunda shi ke kan takardar izinin zamansa, sauran biyun kuma su sake rantsuwa cewa aiki kawai ke kai shi, ba shi da ɗaki, ba shi da mazauni a gidajensu.

Sarkin noma na Bakura bai ba mu wahala ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "In sun so ma in rantse ban taɓa ganinai ba, kawo nan. Ai takarda ta, ba ta hana shi cin tuwona." Ya sa hannu, ya sa aka kawo mana fura.

A hanyar Tsibiri na ce wa Bature ya tsayar da mota. Na nuna masa babban yatsana, na ce ga tawada, ga takarda, wa ya san zanen yatsan Baba a Ingila? Minti ɗaya an gama, tsoho bai sani ba, su ba su sani ba. Ya kalle ni kamar na ce mu saci akuyar liman. Ya ce ba zai yi ba, ba daidai ba ne. Na ce masa ni na san mutanena, ya bari in yi. Ya ƙi. Wallahi ranar na ji haushin gaskiyarsa, har yanzu ma ban huce ba.

Muka iske Baba a zaure. Aka yi gaisuwa yadda ta kamata, aka tambayi gida, gajiya, gona, dabbobi, mutanen Mafara, har mutanen Ingila da ba wanda ya sani. Sannan Bature ya karɓi takardar daga hannuna ya karanta da kansa, layi ukun nan, da Hausar da ya koya a wannan zauren.

Baba ya ce, "Sake hwaɗi. Ba ka da ɗaki gidana?"

Na yi sauri na ce, "Baba, takarda ce kawai. Turawa ne ke son ganin adireshi ɗaya. Babu abin da zai canza."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Malam, rantsuwa ta, ko ba rantsuwa ta ba?"

Na ce, "Rantsuwa ce, Baba."

Ya juya wajen Bature. "In ban sa hannu ba, mi za a yi maka?"

Bature ya ce, "Sai in koma ƙasarmu, Baba."

Tsohon ya daɗe yana murza carbi. Wata kaza ta shigo ta dube mu ta fita. Can ya ce mu tafi mu dawo ran Alhamis. Na yi murna a raina, na ce tsoho zai yi shawara da malamai su nemo masa ƙofa, don ban taɓa ganin rantsuwar da ba ta da ƙofar baya ba.

Ran Alhamis da hantsi muka dawo. A zaure muka tarar da kayan. An naɗe gadon an ɗaure da igiya, an wanke gidan sauron an ninke, takalman ruwan an goge su tas, butar shayin an dirje ta da toka har tana ƙyalli. Baba ya ce mu biyo shi cikin gida. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an jera buhunan shinkafa shanshera tun daga ƙasa har kusa da rufi, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Matarsa tana bakin murhu, ta juya mana baya, ba ta amsa gaisuwata ba.

Baba ya ce, "Ban taɓa rantsuwa bisa ƙarya ba, ba ni hwarawa da tsuhwana. Yanzu ba ka da ɗaki gidana. Malam, kawo tawadar."

Na buɗe tawadar. Ya dangwala, ya goge yatsan a gefen riga, ya yi mana addu'ar Allah ya sa a dace. Wuyan nan na Bature ya ƙara yin ja, ya ɗauki gadon da kansa ya kai mota. Muka kama hanyar Mafara. Tausayinsu ya kama ni su biyun, na kuma ji kunyar kaina, abin da ban saba ji ba.

An dace kuwa. Hukumar ta rubuto ta yi godiya, ta ce ta gamsu mazaunin Talata Mafara ne. Ya ƙara shekara huɗu yana aikinsa kafin tsaron hanyoyi ya lalace a janye shi. Duk mako yana zuwa Tsibiri, Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo fura, su yi hirar iri da taki kamar da. In la'asar ta yi sanyi ya raka shi bakin mota.

Sau ɗaya ruwan sama ya tsare mu a can, rafi ya cika, mota ba ta iya wucewa. Na ce a raina to yau dai dole a sauke buhu biyar a ba shi wuri, ai Turawan sun riga sun rufe fayil, babu mai zuwa dubawa. Bayan magariba Baba ya shiga ciki ya fito da tabarma a hammata da filo a hannu. Ya ce wa Bature ya taso, ya riga ya yi wa maƙwabcinsa magana. Ya sa shi a gaba yana riƙe masa lema, suka bi ta cikin gida don ta nan ya fi kusa, suka wuce ta gaban ƙofar ɗakin, ba wanda ya dube ta a cikinsu.