Gilashin da Bappa Buba Ya Liƙa a Bangon Aji Biyu

Muna cikin darasin lissafi ranar Litinin da hantsi, Madam Rifkatu, mataimakiyar shugabar makarantarmu, ta leƙo ta taga ta kira sunana. Da na fito na ga Inna Asta maƙwabciyarmu tsaye a bakin ofis, takalmanta duk taɓo. Ta sa ni gaba har muka wuce ƙofar makaranta. A nan ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, Bappa Buba ya cika da safe a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku kawai ya yi a kwance. Ranar Alhamis ma na gan shi bisa kekensa, da gwangwanin jan fenti rataye a hannun keken.

Ni ba na iya magana a gaban jama'a. A zaman makoki manya sun faɗi alherinsa, ni kuwa ina bayan ƙyaure ban ce uffan ba. Shi ya sa na rubuta wannan. Akwai kuma wani abu da ya bar mini, wanda ya kamata mutanen Mubi su sani tun damina ba ta yi nisa ba.

Bappa Buba yayan mahaifina ne. Mahaifinmu direba ne, yau yana Yola gobe yana wani gefen na Gongola, don haka a gaban Bappa muka tashi a Sabon Layi, ni da ƙanwata Hauwa. An sa mini sunan mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Dada yake ce mini, wato uwa. Aikinsa duba gine-ginen jama'a ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma: rumfunan kasuwa, ajujuwan firamare, ɗakin shan magani, kwalbatoci, murfin rijiyoyi, har da makewayin tasha. Yana da wata 'yar guduma da ba ya rabuwa da ita. Ko gidan suna ya je, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya dubi rufi. Idan ya ƙwanƙwasa katako sai ya karkata kunne, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, wancan kuwa gara ta cinye cikinsa ta bar fenti. Inda bai yarda da shi ba, sai ya shafa jan fenti a ƙofa ya sa kwaɗo.

Wannan aikin bai jawo masa farin jini ba. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Buba Kulle. Na tuna ranar da ya rufe rumfar masu busasshen kifi saboda ginshiƙanta sun ruɓe daga ƙasa. Wata tsohuwa mai kifi ta bi shi har bakin titi tana cewa ita shekararta nawa a ƙarƙashin rumfar nan ko tsinke bai taɓa faɗo mata ba, shi dai ba ya son ganin mutane suna ciniki. Ya tsaya ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ce, “Goggo, zagin nan naki ma ina son in ci gaba da jin sa baɗi. Shi ya sa na fitar da ke.” Ta yi dariya ba ta so ba. Da kansa ya ɗaukar mata kwandunanta zuwa inuwar da aka ba su.

A ɗakin taro na gari kuma, ya dage sai da aka juya ƙofofin suka koma buɗewa ta waje. An ce ɓata lokaci ne. Ya ce wanda ya firgita ba ya jan ƙofa, tura ta yake yi. Yakan ce mana a gida, idan ya yi aikinsa da kyau babu abin da zai faru, kuma idan babu abin da ya faru babu wanda zai san ya yi aiki. Ba da ɓacin rai yake faɗin haka ba. Yana faɗa yana cin tuwonsa.

Makarantar firamare ta unguwarmu tana cikin waɗanda aka gina da gaggawa lokacin da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Ajin da ke ƙarshe, aji biyu, bayansa yana kallon mayo, wato rafin da ke cika idan an yi ruwa a kan duwatsu. A ajin nan Hauwa take, a bencin baya, kanta yana jingine da bango. Da bazara bangon ya tsage tun daga ƙarƙashin taga har ƙasa. Bappa ya rubuta wa ofis, aka ce a dakata. Bai rufe ajin ba, domin ya ce ba kowace tsaga ke kayar da gini ba. Wata ta tsaya inda take, wata kuwa tana tafiya, kuma ido ba ya bambance su.

Wata Asabar ya ce in raka shi. Ya fito da wani siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya gitta shi a kan tsagar ta waje, ya liƙe bakinsa biyu da siminti. Ya ce gilashi ba ya miƙewa, ko kaɗan bangon ya motsa sai ya karye. Sannan ya dube ni ya ce, “Dada, ke kike rako Hauwa kowace safiya. Ki riƙa zagayowa ki kalle shi. Ranar da kika ga ya karye, bango yana tafiya, a fitar da yara.”

Na ce ai idan ya karye shi zan zo in gaya wa.

Ya ce, “In ina kusa. In ba na kusa, ki gaya wa duk wanda ke riƙe da makulli. Na san kunyarki. Ranar nan kawai nake roƙon ki ajiye ta a gida.”

Wata biyu ina zagayawa, gilashin yana nan lafiya. Bappa ya rasu Litinin, muka yi kwana uku ba mu fita ba, kuma a cikin kwanakin an yi ruwa sau biyu har mayo ya kawo. Ranar Alhamis na rako Hauwa, na zagaya bayan aji kamar yadda na saba. Gilashin ya rabu biyu. Rabin hagu ya sauka ƙasa da na dama, har ina iya sa farcena a tsakani.

Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da za a ga laifina. Ranar ban gaya wa kowa ba. Na tsaya ina jin yara suna rera karatu ta taga, na hango hedimasta a baranda da bulala a hannu yana magana da malamai uku, na kasa zuwa wurinsa. Na ce a raina wataƙila ban gani da kyau ba. Na bar Hauwa a ciki na wuce makarantarmu. Ban san abin da aka koyar ba a ranar. Da hadari ya haɗu wajen azahar, kowace tsawa sai in ji kamar ƙarar bangon ce. Da aka tashi na yi gudu har gida, na tarar da Hauwa tana cin gyaɗa a tsakar gida, na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ranar Juma'a na je wurin hedimasta, na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya. Na gaya masa gilashin da Bappa ya liƙa ya karye. Ya zo ya duba, ya ce yara ne suka jefe shi da dutse, yaran unguwar nan ko kwalba suka gani ba sa barinta. Na ce, “Ranka ya daɗe, da dutse ne da ya farfashe. Wannan karyewa ya yi, kuma gefe ɗaya ya sauka.” Sai ya ce ba shi da ikon rufe aji sai da takarda daga ofis, kuma mai rubuta takardar shi ne muka binne ranar Litinin.

Mutum ɗaya ya faɗo mini a rai, Baba Tizhe, birkilan sashen ayyuka, mutumin Michika, wanda suka daɗe suna aiki tare da Bappa. Kirista ne, amma kullum yana bakin tabarmar makoki har a tashi. Na same shi a harabar ofis yana wanke cebur. Ina ambaton gilashi ya ajiye cebur ɗin ya biyo ni. Da muka isa ya duba karayar, ya tona ƙasa kaɗan a gindin bangon, ruwa ya tsattsafo. Ya ce wa hedimasta, “Malam, takarda za ta zo daga baya, ni zan bi ta. Yaran nan dai yanzu za su fita.” Ya taho da gwangwanin jan fentin Bappa, ya shafa a ƙofa, aka fitar da yara aka kulle ajin. Hedimasta, Allah Ya saka masa, da kansa ya ɗauko allo ya jingina a gindin darbejiya.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, bangon bai faɗi ba, kuma wannan ne yake ƙara tayar mini da hankali. Iyaye suna ƙorafi ruwa yana dukan yaransu. Na ji wata tana cewa Buba Kulle ya tafi amma ya bar magajiya. Shekaranjiya wasu iyaye suka taru a kan hedimasta ya buɗe ajin, tunda ga bango nan tsaye. Ya ce musu makullin ba ya hannunsa, ya ba Baba Tizhe tun ranar farko, don ya san idan aka matsa masa zai iya buɗewa. Baba Tizhe kuwa ya ce ba zai ba kowa ba sai an rushe bangon an sake gina shi. Hauwa tana karatu a gindin itace. Takan dawo a jiƙe, ina shanya mata kaya ina gode wa Allah.

Har yanzu ba a sa kowa a gurbin Bappa ba. Baba Tizhe ya ce ba wannan kaɗai ne gilashin da ya liƙa ba. Ya san na ɗakin shan magani da na kwalbatin hanyar kasuwar shanu, amma ya tabbata akwai waɗansu, kuma bai san wa Bappa ya ce ya riƙa kallonsu ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ka ga siririn gilashi a gicciye kan tsagar bango da siminti a bakinsa biyu, kada ka ɓamɓare shi, kada ka bar yara su yi wasa da shi. Idan ka same shi a karye, ka nemi mai makulli a ranar. Kada ka kwana da shi kamar yadda na yi.

Allah Ya jiƙan Bappa Buba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yafe masa haƙƙin waɗanda ya ɓata wa rai a kan aikinsa, Ya kuma yafe wa waɗanda suka zage shi. Allah Ya ba Inna Dudu matarsa haƙuri, Ya raya Hamman da Aisatu da ƙaramin da bai yi wayon sanin ubansa ba, Ya tsaya wa mahaifina da ya rasa yaya. Allah Ya ba garinmu wani mai ɗaga kai ya dubi rufi. Ya Allah, bawan nan naka ya ƙare rayuwarsa yana hana bango faɗa wa 'ya'yan mutane. Ka yalwata masa kabarinsa, kada Ka bari ya matse shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Amin.